Return of the Fly na 1959: an zalunce shi ne, ko dama neman kuɗi aka fito?

Dan_Fagge77:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na zauna na kalli The Fly na 1958 da ci gabansa Return of the Fly na 1959 a jere, ko tashi shan ruwa ban yi ba. Duk inda na leƙa sai in ji ana cewa na biyun shirme ne, an yi shi ne don a ƙarasa kwashe kuɗin da na farko ya bari a aljihun mutane. To ni dai ga ra'ayina, wanda zai jefe ni ya jefa: na biyun ya fi daɗin kallo. Na farkon rabinsa mace ce da ɗanta da mai aiki suna bin ƙuda da raga a falo. Na biyun kuwa akwai maci amana, akwai harbi, akwai ɗakin gawa, kuma dodon ya fito fili ya yi ta'asa. Minti 80 ne kacal, babu jan rai. Wa ya kalla a cikinku?

Maman_Ilham:
Wa'alaikumus salam. Wai wannan ne na Indiya ɗin nan da bos ya kashe saurayi, ya dawo a ƙuda yana hana shi barci? Yarana sun kusa haddace shi.

Abban_Sadiq:
A'a Hajiya, kin ɓata hanya. Wancan Eega ne na 2012, wanda Rajamouli ya yi, a Hindi suka kira shi Makkhi. Shi mutuwa ya yi ya dawo a jikin ƙuda. Wannan na Amurka ne, ya girme shi da sama da shekara 50. Wani masanin kimiyya ne a Montiriyal ta Kanada, André Delambre, ya ƙera na'urar da ke wargaza abu zuwa ƙwayoyin zarra a wannan akwati ta sake haɗa shi a wancan. Ya shiga da kansa, ƙuda ya bi shi ciki bai sani ba, suka fito sun yi musayar kai da hannu guda. Na biyun labarin ɗansa Philippe ne, da ya girma ya ce sai ya ƙarasa aikin ubansa.

Maman_Ilham:
Tabɗi. To Allah ya kyauta. Uba ya mutu a kan abu, ɗa kuma ya ce sai shi? Ina uwarsa take?

Abban_Sadiq:
Ai da jana'izarta fim ɗin ya buɗe. Tana raye bai isa ba.

TsohonMaiMajigi:
Yaro Dan_Fagge, ka yi haƙuri, amma ka kalli fim da ido ne ba da zuciya ba. Wannan bin ƙuda da raga da kake rainawa shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Ka tuna yaron ya riga ya kama ƙudan nan mai farin kai tun da farko, ya kawo wa uwarsa da murna, ta ce ya sake shi, ƙazanta ne. Ba ta san rabin mijinta ta sa aka saki ba. Daga baya ka ga mace tana rarrafe a kan kafet tana zuba sukari, tana roƙon kada kowa ya kashe ƙuda. Mijin kuma yana ƙasa a ɗakin bincike, ya rufe kansa da baƙin ƙyalle, ba ya iya magana sai ya buga takarda da tafireta ko ya ƙwanƙwasa tebur, hannun ƙudan yana ɓoye cikin aljihu yana neman fin ƙarfinsa. Har sai da ya kai ga sa kansa a ƙarƙashin injin matse ƙarfe na masana'antarsu ya ce matarsa ta danna. Sau biyu ta danna, saboda karon farko hannun bai shiga ba. Ka nuna mini wuri ɗaya a na biyun da zai tsaya maka a maƙogwaro haka.

Na shekara da shekaru ina juya fim a ɗakin majigi, na san lokacin da 'yan kallo ke yin tsit da lokacin da suke ihu. Ihu arha ne, kowane fim ɗin kamfu yana samunsa. Tsit ɗin ne da tsada.

Dan_Fagge77:
Baba na yarda wurin injin nan akwai nauyi. Amma ɓeran masar fa? Wurin da Alan, abokin aikin Philippe a na biyun, ya doke jami'in da ya biyo sawunsa daga Ingila, ya jefa shi cikin na'ura alhali akwai ɓeran masar da aka wargaza ba a dawo da shi ba. Mutum ya fito da dagin ɓera a madadin hannu da ƙafa, ɓeran kuma ya fito da 'yan hannayen mutum yana motsa su. Sai Alan ya sa takalmi ya take shi. Wallahi tsigar jikina ta tashi fiye da komai a na farko.

TsohonMaiMajigi:
Wannan ɗaya na ba ka. Ɗaya tak.

Yar_Damagaram:
Sannunku. Ni da Faransanci na fara ganinsu, a kaset ɗin wani kawuna da ya yi karatu a Yamai. Na farkon La Mouche noire suke ce masa, na biyun Le Retour de la mouche. Abin da ya ba ni mamaki a lokacin shi ne na farko mai kala ne, na biyun da ya zo bayansa kuma baƙi da fari. Na daɗe ina zaton kawu ne ya juya su, cewa marar kalar shi ne tsohon. Ina aka taɓa ci gaba ana komawa baya?

Kundin_Sinima:
@Yar_Damagaram amsar tana aljihu. Na farkon kamfanin 20th Century Fox ya fitar da shi da kala da faffaɗan allon nan na CinemaScope, kuma ya ci kasuwa fiye da yadda aka zata. Daraktansa Kurt Neumann ya rasu a watan Agustan 1958, 'yan makonni bayan fitowar fim ɗin, bai ma ci moriyarsa ba. Da aka zo na biyu sai aka miƙa shi ga ɓangaren Robert Lippert, mutumin da sana'arsa ita ce yi wa Fox ƙananan finafinai masu arha, marasa kala, da sauri. Aka ba Edward Bernds ya rubuta kuma ya ba da umarni. Bernds ɗin nan a finafinan barkwanci ya yi suna, shi ya yi gajerun finafinai da dama na Three Stooges. CinemaScope ɗin dai an bar shi, kalar ce aka cire.

Kuma ku sani ba a yi shi don ya tsaya shi kaɗai ba. A zamanin ana haɗa fim biyu a tikiti ɗaya, shi an haɗa shi da The Alligator People, na mutumin da ke rikiɗewa kada. Matasa ake hari, masu zuwa sinimar da ake kallo daga cikin mota. Cikin manyan 'yan wasan na farko Vincent Price kaɗai ya dawo, a matsayin François, baffan yaron. Herbert Marshall da ya fito a sufeto Charas bai dawo ba, sai aka ƙirƙiro wani sufeto Beecham aka ba John Sutton.

Gwanin_Gardama:
Ni fa rashin kalar nan gata aka yi masa. Kan roba a cikin kala tona asiri yake. Duhu da inuwa sun rufa wa na biyun asiri a wurare da yawa, musamman ɗakin gawar Max, abokin cin mushen Alan. Da mai kala ne da dariya za ta hana mu kallo.

Sadiya_Birnin_Kudu:
Wane rufin asiri Malam? Kan nan ya kai girman tulu! Lokacin da yake gudu a cikin daji 'yan sanda na binsa, ku duba da kyau, yana sa hannu yana tallafe kan kada ya faɗi, ga ƙafa ɗaya ta ƙuda yana ja. Ƙanena ɗan shekara 9 cewa ya yi, Yaya wannan ai ɗan tashe ne. Mun yi dariya har da hawaye.

Kundin_Sinima:
Ba Brett Halsey ba ne a cikin kan ma. Shi Philippe yake yi kafin rikiɗa da bayanta. Wani dogon mutum ne mai suna Ed Wolff aka sa wa kayan, shi ya sa za ku ga dodon ya fi Philippe tsawo nesa ba kusa ba.

MalaminKimiyya:
Tunda an zo kan girman kai, bari in sa baki, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na'urar nan an ce wargaza ƙwayoyin zarra take ta sake jera su. To kan ƙuda bai kai ƙwayar gero ba. Daga ina aka samo naman da ya kumbura shi ya zama na mutum, har ya fi? Kan mutum kuma mai nauyin kilo 4 zuwa 5, ina sauran ya tafi da aka maƙala shi a jikin ƙuda? Wannan ɗaya kenan.

Na biyu, ƙuda ba shi da huhu. Ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jikinsa yake shaƙar iska, ta bi ƙananan bututu zuwa ko'ina. Ke nan mutumin da aka ɗora wa kan ƙuda ba shi da hanci ko maƙogwaron da zai kai iska huhunsa, cikin 'yan mintuna zai mutu. Ƙudan da aka ɗora wa kan mutum kuma ba shi da huhun da zai turo iska ya yi magana, balle ya yi ta kiran a taimake shi.

Na uku shi ne babba: ƙwaƙwalwa tana ina? In kan ƙuda ne a jikin mutum, to tunanin ƙuda ne, juji zai nufa ba ramuwar gayya ba. Amma a finafinan biyu duka ɓangarorin suna da hankalin mutum. André yana rubutu a allo da kan ƙuda, ƙaramin kuma yana kuka a saƙar gizo-gizo da muryar mutum. Hankali ɗaya aka raba biyu kamar goro?

Gwanin_Gardama:
Malam, ka yarda an tura mutum ta waya daga akwati zuwa akwati, sai a kan huhun ƙuda za ka tsaya? Wanda ya haɗiye taɓarya ai bai kamata tsinke ya shaƙe shi ba.

MalaminKimiyya:
Haha. Ƙa'idar labari daban. In ka ce mini ga na'ura, na karɓa. Amma na'urar ta bi dokar da kai ka kafa mata. A na farko akwai farantin da ya tura, rubutun da ke gindinsa ya fito a juye kamar a madubi. Wannan dabara ce mai kyau, ta nuna na'urar tana kuskuren jeri. A na biyun babu irin wannan tunanin, kawai a jefa mutum da dabba a ga abin da zai fito.

Ustaz_Na_Layi:
Ni abin da nake tunawa duk lokacin da aka yi zancen nan shi ne aya ta 73 a Suratul Hajji, inda aka buga misali da ƙuda, cewa waɗanda ake kira baicin Allah ba za su iya halittar ƙuda ba ko da sun taru, kuma in ya ƙwace musu wani abu ba za su iya karɓowa ba. Ban ce masu fim sun san ayar ba. Amma mutum ya ƙera abin da zai kawar da jirgi da mota, ƙuda ɗaya ya rusa shi, dole ta faɗo maka a rai.

TsohonMaiMajigi:
Ustaz ka taɓo inda nake so. A na farko ƙudan kuskure ne, ƙaddara ce, babu mugu ko ɗaya a fim ɗin. Kowa mutumin kirki ne kuma duk da haka gida ya rushe. A na biyun kuwa Alan ne ya kamo ƙuda da hannunsa ya jefa da gangan cikin akwatin da ya saka Philippe, don ya san Philippe na tsoron ƙudaje. Da zarar ka kawo bos, ka mayar da abin fim ɗin ɓarawo da ɗan sanda. A kashe bos, shi ke nan an huta.

Dan_Fagge77:
To Baba ai dole ce ta sa. Da sun sake cewa ƙuda ya kuma shiga bisa kuskure, ba cewa za mu yi wannan gida ba su da maganin feshi ba? Uba ƙuda, ɗa ƙuda, duk bisa tsautsayi? Gara da suka sa mugunta ce ta jawo. Ni a wurina nan Bernds ya yi basira. Kuma muguntar ta yi ma'ana: Alan sunansa na gaskiya Ronald Holmes, ɓarawon sirrin masana'antu ne, takardun na'urar yake so ya sayar ta hannun Max. Philippe ya gano shi, shi kuma ya zaɓi hukuncin da ya fi kisa ciwo.

Hauwa_Kulu_Jos:
Don Allah ku daina fasa ƙwai, wasunmu ba mu kalla ba!

Abban_Sadiq:
Anti Hauwa fim ɗin ya haura shekara 60, ƙwan nan ya daɗe da ƙyanƙyashewa har ya yi jikoki.

Sadiya_Birnin_Kudu:
Wani abin dariyar kuma, an ce shekara 15 ta wuce tsakanin labarin farko da na biyu, yaro ya zama saurayi. Amma motoci su ne dai na 1959, kayan sawa su ne, Vincent Price ko furfura bai ƙara ta kirki ba. Shekara ɗaya tal tsakanin finafinan, ba su ma damu su yi ƙaryar zamani ba.

Bala_Mai_Kaset:
Ku kuna mamaki, mu da muka yi sana'ar haya da sayar da faifai wannan ba baƙon abu ba ne. Na biyu ai kasuwa ke haifarsa ba labari ba. Mun sha ganin fim ɗin Hausa da labarinsa bai wuce awa ɗaya da rabi ba, a yanka shi 1 da 2, in ya karɓu a ƙirƙiro 3 da 4 ko da jarumin ya mutu a na biyu. Akwai wani da na taɓa sarowa da yawa saboda na ɗayansa ya tafi, da na saka na ukun sai na tarar kusan rabinsa tuna baya ne da waƙa. Kwastomomi suka dinga dawo mini da shi, asara ta hau kaina. Aƙalla su waɗannan sun rubuta sabon labari, sun kawo sababbin mutane. A ma'aunin kasuwa Return of the Fly mai amana ne.

Yar_Damagaram:
Gaskiya ne Malam Bala. Amma ni ƙarshensa ne ya ɓata mini rai. An kamo ƙaramin ƙudan, an mayar da su biyun cikin na'ura, Philippe ya fito garau, ya rungume budurwarsa Cecile, kowa na murmushi. Mutum biyu fa ya kashe da hannunsa! Babu mai tambaya. Kuma wannan ya sa mutuwar ubansa ta zama ta banza, tunda ashe gyara na yiwuwa.

Gwanin_Gardama:
A'a, ba ta banza ba. Ai André ma ya san gyara na yiwuwa, shi ya sa ya ce a nemo ƙudan. Rashin samunsa a kan lokaci ne ya kashe shi. Na biyun ya nuna da uwar ba ta sa yaro ya saki ƙudan ba, da mijinta na raye. Wannan ƙara wa na farkon ɗaci yake, ba rage shi ba.

TsohonMaiMajigi:
Hmm. Ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma fa ban janye ba.

Matashi_2004:
Ku yi haƙuri iyayena, duk waɗannan wasan yara ne a kan na 1986 da David Cronenberg ya yi da Jeff Goldblum. Can babu musayar kai. Kwamfutar ce ta rikice ta haɗe ƙwayoyin halittar mutum da na ƙuda wuri ɗaya, sai ya dinga lalacewa a hankali, farce na fita, haƙora na zuba, kunne ya faɗi. Har Oscar ya ci ta kwalliyar dodo. @MalaminKimiyya wannan ai ya amsa tambayoyinka.

MalaminKimiyya:
Ya fi kusa da hankali, ban ce ya isa ba. Amma aƙalla an daina maganar kan tulu. Kuma sun yi amfani da gaskiyar cewa ƙuda ba ya tauna, ruwa yake amayowa a kan abinci ya narkar da shi sannan ya tsotse. Tun da na kalla na daina barin kwano a buɗe.

Kundin_Sinima:
Abin sha'awa, tarihi ya maimaita kansa. Shi ma na 1986 ɗin an yi masa na biyu a 1989, The Fly II, kuma shi ma labarin ɗan ne, Eric Stoltz ya fito a ciki. Cronenberg bai dawo ba, aka ba Chris Walas, wanda ya yi kwalliyar dodon na farko, ya ba da umarni. Shi ma aka kawo mugun mai kamfani, shi ma ɗan ya warke a ƙarshe. Kamar dai ba a san wata hanyar ci gaban labarin ƙuda ba sai ta gado da bos.

Tsohon jerin ma akwai na uku, Curse of the Fly na 1965, a Ingila aka yi shi, Don Sharp ya ba da umarni. Babu Vincent Price, kuma abin mamaki babu ƙuda.

Maman_Ilham:
Fim ɗin ƙuda babu ƙuda? Wannan ai miyar kuka ce babu kuka.

Hauwa_Kulu_Jos:
To na je na kalla daren jiya tunda kun riga kun gama da ni. Ra'ayina: Vincent Price aka ɓata. Mutum mai irin wannan murya, an sa Alan ya harbe shi, ya ƙare wani dogon yanki na fim a kwance yana nishi. Farkon fim ɗin da yake zagayawa da Philippe cikin rusasshen ɗakin binciken yana ba shi labarin abin da ya sami ubansa, nan ne na ji ana fim. Da Philippe ya yi masa barazanar sayar da rabonsa na kamfani in bai ba shi kuɗin bincike ba, nan ma akwai wasa, rigimar baffa da ɗan ɗan'uwa a kan gado, kowa ya san irinta. Bayan nan sai guje-guje. Don haka ina tsakiya: Dan_Fagge ya yi gaskiya ba ya gundura, Baba ya yi gaskiya ba ya kwana a rai.

Dan_Fagge77:
Anti ai ban ce ya fi na farko daraja ba, cewa na yi ya fi daɗin kallo. Tuwo daban, ƙosai daban.

TsohonMaiMajigi:
Yanzu kuma ka fara ja da baya yaro. Koma sama ka karanta abin da ka rubuta, har da cewa wanda zai jefe ka ya jefa.

Dan_Fagge77:
Ina nan a kan bakana Baba. Gobe ma in aka ce in zaɓi wanda zan sake kallo da abokai, na biyun zan saka. Na farkon sai ina ni kaɗai.

Gwanin_Gardama:
Ni tambayata ɗaya da babu fim ɗin da ya amsa. Kyanwar gidan nan, Dandelo, da André ya saka a na'ura a na farko ba ta fito ta ɗaya akwatin ba, sai kukanta ake ji a iska. Shekara 15 Philippe ya zo ya sake kunna na'ura, ya tura ɓera, har shi kansa aka tura. Ina kyanwar?

MalaminKimiyya:
Kada ka sa in fara. Kyanwar da ba ta da maƙogwaro da me take kuka?

Sadiya_Birnin_Kudu:
Wa ke da Curse of the Fly ɗin? Ina so in ga yadda aka yi miyar Maman Ilham.